Ko Hadda Ta Ɗauke wa Malami Muɗala'a?

Akwai mas'alar da ta daɗe tana kai-kawo tsakanin ma'abota karantar da Larabci: shin malamin da ya haddace Ajurumiyya tun yana yaro, wato ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a Fas a 1323, ya kuma sauke Alfiyyar Ibn Malik mai baiti wajen 1,000, akwai sauran wajibcin muɗala'a a kansa kafin ya zauna a zaure da safe? Wasu na ganin takalifi ne kurum, alhali kuwa, in an yi tadabburi, lokacin ɗalibi amana ce wadda za a tambayi malami a kanta.

Dalili kuwa, muɗala'ar ta haɗa har da tunanin wanda zai saurara. Yaro Bahaushe, wanda harshensa bai san musanna ba, daga tilo sai jam'i, bai kuma saba da sauyawar ƙarshen kalma saboda amili ba, in aka tare shi da babin i'irabi ba a tanadar masa misalan da za su sauko daidai hankalinsa ba, zai bi bakin malam da murya mai daɗi, ya naɗe buzunsa ya tashi, ƙirjinsa fayau. Gaskiya ne, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya waƙe nahawu cikin Bahrul Muhiɗ, sarfu cikin Hisnur Rasin, Allah Ya saka masa da alheri. Amma nazmi ba zai faɗa wa malami wane ne jiya ya kasa rarrabe fa'ili da mafa'uli ba, wannan sai shi ya tuna, ya nemo masa jumla tun da daddare.