Katangar Westeros da takardar asali

Ran nan a gidan kallo samarinmu suka kaure da musu: da a ce Westeros, ƙasar nan ta shirin Game of Thrones, ta riski zamanin waya da ƙuri'a, yaya za ta kasance? Wani ya ce gidan Lannister banki za su buɗe, wani ya ce dodannin Daenerys jiragen yaƙi za su koma. Ni kuwa katangar arewa ce ta tsaya mini a rai.

Katangar ƙanƙara ce mai tsayin ƙafa 700. Waɗanda ta bari a waje mutane ne kamar kowa, asalinsu ɗaya da maƙwabtansu na ciki, amma 'yan daji ake ce musu. Da Jon Snow ya buɗe musu ƙofa, abokan aikinsa wuƙa suka daɓa masa.

To, a zamanin yau ba sai an gina katanga ba, takarda ta isa. Yaro a unguwar nan aka yanke cibiyarsa, ubansa ma haka, amma ya je neman aiki ko tallafin karatu sai a ce ya kawo shaidar asalin ƙaramar hukuma daga garin da bai taɓa kwana ba.

Shin me ke mai da mutum ɗan gari, kakanni ko zama da gumi? Ni dai na ce zama da gumi. Amma fa jama'a, in mun yarda da haka, dole mu yarda da shi ga ɗan kudun da aka haifa a Sabon Garin Kano. In mun hana shi, da wane baki za mu nemi namu?