Ƙauna Mai Tsada: Tsokaci a Kan Koyi da Allah a Koyarwar Kirista

A sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, Manzo Bulus ya hori mabiya Almasihu da su yi koyi da Allah. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ta yaya ɗan Adam, wanda ko numfashinsa bai mallaka ba, zai yi koyi da Mahaliccinsa? A koyarwar Kirista, fagen wannan koyi shi ne ƙauna, irin wadda mai ita kan rasa wani abu nasa domin amfanin wani, kamar yadda suka yi imani Almasihu ya ba da ransa.

In haka ne, ma'aunin ƙauna shi ne abin da ta ci wa mai ita. Ranar 14 ga Afrilu, 2014, da bom ya tashi a tashar motar Nyanya, asibitocin Abuja sun nemi jini. Waɗanda suka miƙa hannu ba su san jikin wa jininsu zai shiga ba, na Musulmi ko na Kirista.

Sai dai irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. Jarrabawar ta fi tsanani a ranakun da babu mai kallo: ma'aikacin da ya ƙi cin hanci alhali mai gida na jiran kuɗin haya a Kubwa, ko ma'aikaciyar jinya da ta ƙara awa guda a kan majinyacin da ba danginta ba. A ganinmu, a irin waɗannan wurare ne ake gane wanda koyarwar ta ratsa shi.