Hukuncin Kasa Kaya a Bakin Titi Ranar Kasuwa

TAMBAYA: Ni mai sayar da albasa ne a Kajiji. Ranar kasuwa nakan shimfiɗa buhu a bakin titi in kasa kayana, kuma kowa ya san gurbina. Na yi jinya, da na murmure na tarar wani ya zauna a wurin. Ina da ikon tayar da shi? In kuwa na bar masa, ya halatta ya riƙa biyana haya?

AMSA: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin maganar wanda ya zauna maka, sai mu fara duba zaman naka.

Hanya ta jama'a ce, ba wanda ya mallake ta. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame ga masu ƙananan sana'o'i su zauna a gefenta. Shaihu Halil ya kawo haka a Mukhtasar, babin tarayya, da sharaɗin abin ya zama mai sauƙi, ba ya takura mai wucewa. A wurin dai ya ce a rushe gini idan an yi shi a kan hanya, ko da bai cutar da kowa ba. Buhun da za ka naɗe da magariba daban, rumfar da aka kafa da siminti daban.

Sharaɗin nan na rashin cutarwa shi mutane ke tsallakewa. Titin da ya ratsa garinku babbar hanya ce, ta taso daga Sakkwato ta bi Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Tirela ke binta, da tankar mai, ba jakuna ba. Kai kana iya cewa kashinka bai hau kwalta ba. To, mai sayen da ya tsuguna yana taya albasa fa, bayansa ina yake? Ɗan kabu-kabun da ya tsaya ɗaure masa buhu fa? Idan zamanka ne ke tura su kan kwalta, cutar daga gare ka ta fito, kuma zaman ya haramta ko shekara nawa ka yi a wurin. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi (SAW) ya sa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya da ke kan duk mai zama a bakinta.

Idan gurbin ya kuɓuta daga wannan, asalin hukunci shi ne wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta, kamar sahun masallaci. Sai dai Mawardi ya hakaito daga Imamu Malik cewa wanda ya shahara da wani gurbi ya fi kowa cancantarsa, don a kashe husuma. Da wannan nake ba ka fatawa, tunda jinya ce ta ɗauke ka, ba barin sana'a ka yi ba. Amma kada ka yaye masa shimfiɗa da hannunka. Ka je wurin sarkin kasuwa da maƙwabtan gurbinka biyu su shaida. Shi ma wancan neman abinci ya fito, in wurin zai ɗauke ku ku biyu, ku matsa wa juna.

Haya kuwa, a'a. Ƙarafi ya bambance a littafinsa Alfuruƙ tsakanin wanda ya mallaki amfanin abu, da wanda aka yarje masa kawai ya amfana da kansa, kuma wuraren zama a kasuwa suna cikin kashi na biyu. Ka zauna ko ka tashi, iyakar abin da kake da shi ke nan. Ba a sayar da shi, ba a ba da hayarsa, 'ya'yanka ba za su raba shi gado ba. Kuɗin da za ka karɓa a kai cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba, ko an kira shi na goro. Tebur ko laima da ka saya da kuɗinka, waɗannan kana iya ba shi haya.

Kuma duk ranar da ƙaramar hukumar Shagari ko masu kula da titi suka ce a ja baya saboda tsaron rayuka, bin su wajibi ne, ba ka bin kowa diyyar gurbi.

Allah ne mafi sani.