Shin Girma Yana Zubewa In Kaka Ta Tambayi Jikanta?

A wannan mako na yi niyyar ci gaba da bayanin da muka faro game da hukunce-hukuncen matafiyi, amma wani abu ya faru a gidana wanda ya hana ni sakat, na ga gara in kawo shi gabanku tun da sauran zafinsa.

Lokacin tashin maniyyata da ya wuce, wani ɗan'uwanmu yana cikin waɗanda Allah Ya kira, muka tafi rakiya filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Argungu. Na ɗauki mahaifiyata, wadda ta tasam ma shekara 80 ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, da kuma autana, yaro ɗan shekara 12. Muka tsaya daga nesa tare da sauran 'yan rakiya. Da jirgin ya ɗauki gudu ya ɗaga, sai na ji Inna ta dafa kafaɗar yaron ta ce, "Kai maigida, wannan ƙarfe da ya fi gidanmu nauyi, ga mutane cike, me ke riƙe da shi a sama?" Ni ina tsaye kusa da ita, ni ne kuma ake kira malam a gidan, amma ba ni ta tambaya ba.

Yaron ya shiga yi mata bayani yadda aka koya masa. Ya ce injin ba ɗaga jirgi yake yi ba, aikinsa ya ingiza shi gaba da ƙarfi, sa'an nan fiffiken, saboda yadda aka ƙera shi da yadda aka ɗan karkata shi, sai ya riƙa danna iska ƙasa, iskar kuwa ta tura shi sama. Ya ce sai gudun ya kai wajen kilomita 250 ko fiye a awa ɗaya kafin babban jirgi ya rabu da ƙasa, kuma matuƙi ya fi son ya fuskanci iska wajen tashi da sauka. Nan Inna ta katse shi, ta ce ai wannan ko mai shiƙar gero ta san shi, ba a ɗaga ƙwarya sai an san inda iska ta fito. Suka yi dariya. Har zuwa nan raina fes.

A hanyar komowa ne magana ta canza. Yaron ya ce ai jirgi ba kome ba ne, mutane sun je har wata sun taka shi da ƙafarsu. Inna ta ce, "Haka aka faɗa a rediyo ina amarya. Kakanka kuwa har ya koma ga Ubangijinsa bai yarda ba, cewa yake yi ƙaryar Nasara ce." Yaron ya yi shiru, can ya ce a hankali, "Ashe kaka bai sani ba." Wannan kalma ita ta kwana tana yi mini yawo a ka. Domin mutumin da yake faɗa shi ne ya koya mini alwala, shi ya ɗora ni a kan Ahalari da Ishmawi tun kafin in san ƙofar makarantar boko.

To, tambayar da nake so mu duba ita ce: in yaro ya gano cewa tsohonsa ya yi kuskure a kan wata, me zai hana shi zaton ya yi kuskure a kan sauran abin da ya koya masa? In kuwa haka ne, ya kamata mu raba tsofaffinmu da irin waɗannan wurare don tsare girmansu, ko kuwa mu kai su?

Mu fara da gaskiyar al'amarin, don ba a gina tarbiyya a kan musun abin da ya tabbata. A watan Yuli na 1969 kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane wata, Neil Armstrong ne ya fara sa ƙafa, kuma daga wannan shekara zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka shi. Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000. Ban ga laifin mahaifina ba da ya yi shakka a 1969. Labari ne ya zo masa daga bakin mutanen da bai daɗe da ganin ƙarshen mulkinsu ba, ba shi da hanyar bincike, kuma addini ya hore mu da tantance labari kafin mu karɓa. Laifin yana kan wanda ya zo a yau, wayar salula tana aljihunsa, da ita yake neman alƙibla in ya sauka baƙon gari, alhali taurarin ɗan'adam da ke shawagi wajen kilomita 20,000 a sama su ne ke gaya wa wayar inda yake tsaye, sa'an nan ya hau mumbari ya ce babu mai iya ƙetare sama. Haka kuma alhajin da ke cikin jirgi, da zarar matuƙi ya sanar cewa an kusa daidai da miƙati sai ya yi niyyar harama, bai leƙa ta taga ya ga dutse ko rijiya ba. Lissafin matuƙi ya amince wa a cikin ibadarsa mafi tsada. Yara suna ganin wannan tufka da warwara, ko da ba su faɗa ba.

Akwai kuma kishiyar wannan cuta, wadda ni a ganina ta fi ta muni. Tun muna samari ake yawo da labarin wai Armstrong ya ji kiran salla a kan wata, ya dawo ya musulunta. Labarin ba shi da tushe, an ƙaryata shi da yawun mutumin tun 1983, har ya rasu a 2012 bai ce haka ba. Duk da haka ina jin sa a bakin masu wa'azi. Musulunci ba ya bukatar a yi masa ƙarya don ya yi kyau, kuma ranar da yaro ya gano ƙaryar, ba ita kaɗai zai jefar ba.

Abin da ya tabbata ya ishe mu. A 1985 Sultan ɗan Salman na Saudiyya ya shiga kumbon Discovery a ƙarshen watan azumi. A 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, shi ma cikin Ramadan. Ita wannan tasha tana kewaya duniya cikin kamar minti 90, watau wanda ke cikinta yana ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Yaya zai yi salla, yaushe zai sha ruwa, ina alƙiblarsa? Malaman ƙasarsa ba su ce ƙarya ce ba, ba su kuma ce haram ne ba. Zama suka yi da masana kimiyya suka fitar masa da jagora, suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi daga ƙasa, ya fuskanci alƙibla gwargwadon ikonsa. Wannan shi ne fiƙihun da muka gada, mai sauraro kafin ya yi hukunci.

Yanzu mu komo gida, inda maganar ta fi yi mini nauyi. Duk Bahaushe ya san akwai kunya tsakanin uba da ɗa, musamman ɗan fari, wanda wasu iyaye ko sunansa ba su faɗa. Uba ba ya iya zama gaban ɗansa ya ce, koya mini. Ni kaina na san ban iya ba, na kuwa shekara fiye da 25 ina koyar da Larabci ina gaya wa ɗalibai cewa tambaya mabuɗin ilmi ce. Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ita ce ta buɗe wata, watau wasan jika da kaka. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, ta kira mace kishiya, kaka namiji ya ce da jikanyarsa amarya. A cikin wannan raha tsoho yana iya cewa ban sani ba, rawaninsa bai motsa ba, yaro kuma yana iya cewa tsohuwa kin yi kuskure, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Mun daɗe muna ɗaukar wannan wasa abin nishaɗi kawai, ni kuwa a Ambursa na ga makaranta ce. Da ni Inna ta tambaya, da na ba ta amsa gajera cikin ladabi, ta yi shiru, magana ta mutu. Da ta tambayi jikanta sai ta yi gardama, ta sake tambaya, ta ƙara nata.

Shin girma ya zube? Mu mabiya mazhabar Imamu Malik ne, an kuwa ruwaito cewa an yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, wannan bai rage shi ba a Madina ko a wajenta. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, yakan zaunar da Abdullahi ɗan Abbas yana saurayi a majalisar dattawan Badar saboda fahimtarsa, har wasu suka yi ƙorafi. Saboda haka ni ina ganin yaron da ya ji kakarsa ta ce ban sani ba a kan fiffiken jirgi, zai fi yarda da ita ranar da ta ce masa wannan na sani, kada ka yi. Wanda bai taɓa jin ta janye magana ba, shi ne zai haɗa maganganunta duka ya zuba a kwando ɗaya.

Kada kuma a ɗauka ilmin duk daga ɓangaren yaro yake gangarowa. A daren nan aka ɗauke wuta, muna tsakar gida, Inna ta ce wa maigidan nata, tun da ka san wata, nuna mini Kaza da 'Ya'yanta. Ya ɗaga kai ya rasa. Yaron da ya san nisan wata da kilomita bai san Zara ba, bai san Gamzaki ba, balle a kai ga cewa su biyun abu ɗaya ne, Zahra, wani lokaci ta fito da almuru wani lokaci da asuba. Tsofaffin manoman fadamar nan tamu da malaman hisabi suna lissafa shekara da taurari 28, kowane yana da kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, shekara ta cika 365. Suna kiran su da sunayen Larabci da harshenmu ya tanƙwara, irin su Surayya da Dabaran, da Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, da su suke auna lokacin shuka da lokacin da ruwa ke nauyi. Wannan lura ce ta ɗaruruwan shekaru, ba duba ba ce, kuma wajibi ne a rarrabe wa yara tsakanin ilmin falaki, wanda Alƙur'ani ya yi nuni gare shi cikin Suratu Yunus inda ya ambaci masaukan wata da sanin ƙidayar shekaru, da bokancin masu cewa tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki. Na biyun ne shari'a ta hana. Na farkon yana mutuwa a hannunmu, duk tsohon da aka kai makwanci ya tafi da rabonsa.

Makarantunmu sukan ɗauki yara yawon buɗe ido, mafi yawa zuwa gidan tarihi na Kanta a Argungu, su ga kayan yaƙi da tambura, su gangara Matan Fada. Wannan yana da kyau. Abin da nake roƙon shugabannin makarantu, na Islamiyya da na boko, shi ne su nemi izinin hukuma su riƙa kai yara filin jirgi, wanda ya sami hali ya kai su har Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa tun 1964, kuma a bar kujeru a motar saboda kakanni. Wanda ba shi da kuɗin mota, tabarma da dare marar hadari sun isa. A gaya wa yaran cewa jiragen farko sun sauka Kano a 1925, cewa ƙasarmu ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, aka harba mata tauraronta na farko daga Rasha a 2003. A bar tsofaffi su kuma su faɗi yadda iyayensu suka bi ta Barno da Cadi da Sudan a ƙasa, wani ya shekara 7 kafin ya dawo da sunan alhaji, wani kabarinsa yana can a hanya, tafiyar da yau ake yi tsakanin hantsi da la'asar.

Na san akwai mai cewa, tsohon da ya kusa gangarawa me zai yi da sanin fiffike, ba gara ya riƙe carbinsa ba? Ban raina wannan magana ba, domin lokacin tsoho tsada gare shi. Amma Suratul Mulk ta umurce mu da duban tsuntsaye a sama da tunanin Wanda ke riƙe da su, ba ta kuwa yanka shekarun da umurnin ke faɗuwa ba. Na ga bakin Inna yana motsi da tasbihi lokacin da jirgin ya ɓace cikin gajimare, ban ga carbin ya faɗi daga hannunta ba.

Maganar mahaifina kuwa, ban bar ta ta kwana biyu ba. Na kira yaron na ce masa kakanka bai san an je wata ba, gaskiya ne, amma yana duban jinjirin wata ya gaya maka kwanansa, kuma bai taɓa shaidar ganin watan da bai gani ba, ko da gari duka na son a sha ruwa. Ya ce, "Baba, to shi wa ya koya masa?" Na ce ya je ya tambayi matarsa. Da na fito sallar isha'i na same su a tsakar gida, ita tana nuna masa gabas da sandarta, shi kuma yana riƙe da wayata yana neman sunan tauraron, suna musu a kan wanda ya fi wani gani.