Ƙaddara da Haƙƙin Hannu

A Gidimuni, kan hanyar Damagaram zuwa Gure, abincin mutum yana tafin hannunsa. Da hannu ake saran rake a lambunan bakin tafki, da shi ake hawan dabino, da shi kuma yaron injin niƙa yake tura gero. Ranar da bel ɗin inji ya fizgi yatsu huɗu, ƴan dubiya sukan ce ƙaddara ce, mai inji ya biya kuɗin magani na mako guda, maganar ta mutu. To, shin faɗin ƙaddara yana sauke nauyi daga wuyan wanda ake yi wa aiki?

Babu musulmin da zai musanta ƙaddara. Sai dai fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan Damagaram tun zamanin sarakunan da, bai tsaya a nan ba. Ya sanya wa hannu rabin diyyar rai, raƙuma 50, kowane yatsa kuma raƙuma 10, ko da bisa kuskure aka jikkata mutum. Malaman da suka tsara wannan sun fi kowa imani da ƙaddara, amma ba su ga karo tsakaninta da biya ba. Imani yana sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa. Diyya kuwa ita ke ciyar da iyalinsa.

Mai inji zai ce shi bai taɓa kowa ba, ƙarfe ne ya yi sara. Irin wannan hujja ce masu masana'antu suka riƙe a Faransa har zuwa 1898, lokacin da doka ta ɗora musu biyan ma'aikacin da ya ji rauni, ko da babu laifinsu. Dalilin a fili yake: wanda ke kwashe ribar inji shi ya kamata ya ɗauki hatsarinsa. Nijar ta gaji wannan tsari, kuma asusun CNSS, da aka kafa a 1965, yana biyan magani da kuɗin naƙasa ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Injiniyan matatar mai ta SORAZ yana cikin wannan inuwa. Yaron injin niƙa da ɗan ƙodagon lambu, waɗanda yarjejeniyarsu ta baka ce, suna cikin rana, alhali jijiyar yatsa iri ɗaya ce.

Akwai uzuri mai ƙarfi: mai injin ƙauye shi ma talaka ne, diyyar hannu ɗaya za ta cinye injin da gidansa. Wannan gaskiya ne, kuma fiƙihu ya hango shi. A mazhabar Maliku, diyyar kuskure idan ta kai sulusi, dangin wanda ya yi kuskuren ne ke haɗa ta. Hikimar ita ce nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a raba shi, kada a yafe shi a madadin wanda aka naƙasa. Masu injuna na gari guda, da suka saba da adashe, ba za su kasa ajiye asusun rauni ba, balle rufe bel da murfin langa-langa.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga wanda inji ya bari da hannu ɗaya, maganar ta wuce karin magana. Garin da ya ci tuwon da ya niƙa shi ke da alhakin kama masa ɗaya gefen.