TSIREN MAIGIDA DA TUKUNYAR GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bisa hikimarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, ko ka yi aure ko kana shirin yi, ina da tambaya ɗaya. Ba ni za ka ba amsa ba, kanka za ka ba. Jiya da dare me ka ci, mutanen gidanka kuma me suka ci? In amsar guda ce, ka gode wa Allah. In kuwa biyu ce, to gyara zama mu yi magana.

ABIN DA IDO YAKE GANI

In ka bi titi bayan sallar lisha, tun daga Sabon Gari ka bi ta Kwangila, ka ratsa Samaru har ka kai Shika, ba abin da za ka fi gani kamar teburin mai shayi da tukubar mai tsire. Ka dubi mutanen da suka kewaye su. Ba duka ne gwauraye ba. Da yawansu magidanta ne: lebura, ɗan acaɓa, masinja, ƙaramin ma'aikaci. Wannan mutum da safe ya miƙa wa matarsa abin da bai kai kuɗin mai da daddawa ba, ya ce, "A yi maneji, gari ba kuɗi." Da dare ga shi an soya masa ƙwai, an haɗa masa shayi mai kauri, an naɗe masa tsire a takarda. Kafin ya shiga gida sai ya tsaya a ƙofa ya goge bakinsa, don kada yara su ji ƙamshi. To goge bakin nan shi ne shaida a kansa. Ya san abin da ya yi.

Ban ce tsire haramun ne ba, ban ce shayi haramun ne ba. Kada a je a ce na ce. Abin da nake tambaya shi ne, wannan kuɗin da ka kashe a tsaye cikin minti goma, wa ya fi ka cancanta da shi? Ka lissafa na mako guda, ka je kasuwar Samaru ka tambayi tiya nawa ta wake zai saya maka. Ni ba zan faɗa maka ba, kai ka yi lissafin da kanka.

CIYARWA WAJIBI NE, BA ALFARMA BA

Ka sani, ya ɗan'uwa, cefane ba kyauta ce da kake yi wa matarka ba. Hakki ne da Allah ya ɗora a wuyanka tun ranar da aka shafa fatiha. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, Allah ya ɗora wa mai yalwa ciyarwa gwargwadon yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma gwargwadon abin da aka ba shi. Ka lura da kyau, ba a sauke wa talaka nauyin ba, gwargwadonsa aka ba shi. Ba a ce lalle sai ka kawo nama ba. Amma ba a ce ka kai naman cikinka kai kaɗai ba.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta dinarin da aka kashe saboda ɗaukaka addini, da na 'yanta bawa, da na sadaka ga miskini, da wanda mutum ya ciyar da iyalinsa, sai ya bayyana cewa na iyalin nan ya fi dukkansu lada. Ashe mudun dawar da ka ɗauko a ka zuwa gida ibada ce.

Kuma kada wani marowaci ya fake da wa'azin wadar zuci ya matse iyalinsa alhali yana da shi. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi a kan ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, sai Annabi ya yi mata izinin ta ɗauki abin da zai wadace su bisa yadda aka saba. Wannan yana cikin Buhari da Muslim. Watau rowa daban, tattali daban. Musulunci tsaka-tsaki ya koyar, kamar yadda aka siffanta bayin Allah na gari a Suratul Furƙan, aya ta 67.

SHIN ABINCIN TALAKA ABIN KUNYA NE?

A nan cutar take. Saurayi ya fara ɗaukar albashi, ya ga abokai, sai ya fara jin tuwo da miyar kuka sun yi masa kaɗan. Ya shigo gida ya buɗe kwano, ya yamutsa fuska, ya ce, "Yau ma kuka?" Haba malam! Kai me ka ajiye da za a yi maka wani abu?

Uwar muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa sukan ga jinjirin wata uku a cikin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, dabino da ruwa ne abincinsu, sai ɗan nonon da maƙwabta mutanen Madina sukan aiko. Abu Huraira kuma ya shaida cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba. In yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan shi ne fiyayyen halitta. To kai wane ne da za ka raina abin da aka sha hayaƙi aka dafa maka?

In da ƙoshi da daɗi su ne ma'aunin daraja a wurin Allah, da Ƙaruna ya fi Annabi Musa. Abin kunya shi ne cin haram, da cin bashin da ba ka da niyyar biya, da ƙoshi a waje alhali gida na hamma.

DABARAR TUKUNYA

Kada ka ce wannan zancen mata ne. Kai ne mai zuwa kasuwa, kai ne mai riƙe da kuɗin. An tambayi A'isha abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Saboda haka saurara.

Na farko, ka daraja wake. Masana abinci sun tabbatar wake da waken suya da gyaɗa suna gina jiki irin aikin da nama yake yi, musamman in an haɗa su da hatsi. Abin mamaki, a nan Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda asalinta ya faro tun 1922, kuma ita ta fitar da irin waken da ake kira SAMPEA da manoma suke shukawa a faɗin Arewa. A Shika kuma cibiyar binciken dabbobi ta fitar da kajin ƙwai da ake kira Shika Brown. Masana sun ƙare rayuwarsu a kan abin da yake ƙofar gidanka, kai kuma kana raina shi. Garau-garau da ɗan mai da yaji, ko ɗanwake na garin wake da rogo da kuka da 'yar kanwa, suna riƙe cikin yaro tun safe har la'asar. Awara kuwa ta waken suya ce, tana maye gurbin nama a bakin yara. A jiƙa waken tun dare, da safe ba zai ci itace ko gawayi da yawa ba.

Na biyu, kada ka manta kai Bazazzagi ne, ko baƙon Zazzagawa. Kanawa suna yi mana ba'a da fate, su yi ta yi. Tsakin masara kaɗan, da yakuwa da alayyahu, da ɗan wake da dakakkiyar gyaɗa, sai ga tukunya ta cika, gida duka ya ƙoshi har a miƙa wa maƙwabta. Haka dambu da zogale, haka kwaɗon rama da ƙuliƙuli. Tuwon da ya kwana kuma ba na zubarwa ba ne, ɗumame ne na karin kumallo.

Na uku, ka san lokacin saye. Hatsi da kaka ake sayensa, ba tsakiyar damina ba sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. In kuɗinka bai kai buhu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba. Waken ajiya a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a jarka mai tsabta a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari ba za su rayu a ciki ba. Kada ka barbaɗa maganin ƙwari a abin da 'ya'yanka za su ci. Lokacin sanyi kuma, da tumatirin fadamun Galma ya cika kasuwa, a yanka a shanya a yi kauɗa. Haka kuɓewa, haka tattasai.

Na huɗu, ku ci tare. Ya tabbata a hadisi cewa abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Kuma Annabi ya yi wa Abu Zarri wasiyya in ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya tuna da maƙwabtansa. Ka ga, ƙara wa miya ruwa don ta kai ga kowa ba abin da za a yi wa dariya ba ne, wasiyyar Annabi ce.

RAMIN DA HATSI YAKE ZURAREWA

Akwai wani ɓarawon kuma wanda ya fi tukubar mai tsire ɓarna, shi ne al'adar da aka sanya wa rigar addini. Mutum ya rasu ya bar marayu da buhu biyu na masara. Sai a ce sadakar uku, sadakar bakwai, sadakar arba'in. A toya waina, a dafa shinkafa, masu ƙoshi su zo su ci su shafa, su watse. Kafin damina ta faɗi marayu suna yawo da kwano. Ina aka samo wannan? Sa'ad da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, umurnin Annabi shi ne a dafa wa iyalin Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Sunna ita ce a kai wa gidan rasuwa abinci. Mu kuwa mun juya ta, mun koma cin na gidan rasuwa.

Haka biki da suna. Saurayi ya ci bashin da zai shekara yana biya don a ce bikinsa ya yi armashi, amarya ta tare ta tarar da tukunya wayam. Alhali walimar auren Annabi da Safiyya, kamar yadda Anas ya ba da labari, ba gurasa ba nama, dabino ne da cuku da man shanu. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 malamai suke jan kunne a kan waɗannan abubuwa, kuma gidaje da yawa sun huta. Amma Shaiɗan bai yi ritaya ba. An kore shi ta ƙofar arba'in, ya dawo ta tagar dina da anko. Ka tuna a Suratul Isra'i, aya ta 27, almubazzarai da shaiɗanu aka haɗa su 'yan'uwantaka.

WANI ZAI CE

Wani zai ce, "Malam, kana so ka lallashe mu ne mu yarda da talauci, alhali shugabanni ne suka jefa mu ciki." Ai ban wanke kowa ba. Iyayenmu sun ga farin 1973. Sun ga tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta shigo da shi a 1986. Mu kuma mun ga yadda kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Duk wanda Allah ya ba amanar jama'a zai tsaya a gabansa ya yi bayani. Halifa Umar, a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, ya hana kansa man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, domin bai yarda ya ci abin da talakawansa ba sa samu ba. Wannan shi ne ma'aunin shugaba.

To amma tsaya. Kai ma shugaba ne a gidanka, kuma da wannan ma'aunin za a auna ka. Yaya za ka zagi mai mulki a majalisar mai shayi don ya ci ya bar talakawa, alhali a daidai wannan lokacin kai ma kana ci ka bar naka talakawan? Wadar zuci kuma ba zaman kashe wando ba ce. Ka fita ka nema, ka koyi sana'a, ka yi noma ko da bayan gida ne, ka dasa zogale a bakin rijiya. Abin da ka samo kuwa, komai ƙanƙantarsa, ya fara shiga tukunyar gida.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwana, ga abin da nake roƙonka. Daga yau har kwana talatin, kada ka ci wani abu a waje wanda ba ka kai irinsa gida ba. In tsinke ɗaya kuɗinka ya saya, a naɗe maka, ka kai gida a yayyanka a cikin miya kowa ya ji ɗanɗano. Ka zauna da 'ya'yanka a kwano ɗaya, ka koya musu bisimilla da cin gabansu. In an gama ka ce wa matarka sannu da aiki, Allah ya yi albarka. In ba ka yi aure ba, mahaifiyarka da ƙannenka su ne iyalinka, ka fara da su. Kuma kada tsoron cefane ya hana ka aure, ka nemi mai addini ku yi tattali tare.

Allah ya sa albarka a cikin mudunmu, ya wadata mu da halal ga barin haram, ya tsare mu daga rowa da almubazzaranci, ya shiryi shugabanninmu, ya kashe mu a kan sunna. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.