Ƙwaya Tara Ko Ashirin Da Bakwai

A kantunan kayan farauta na Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wane irin harsashi ya kamata a ɗura wa bindiga idan za a harbi koyoti. Koyoti dai dangin kare ne, ɗan'uwan dilan da muka sani, sai dai ya ɗan fi shi jiki, don babba yakan yi kilo 10 zuwa 20. Bindigar da ake magana a kanta kuma ba irin mai fitar da harsashi guda ba ce, irin wadda take watsa ƙwayoyin dalma da yawa a lokaci ɗaya ce. Daga nesa sai mu ce wannan hirar 'yan bindiga ce, babu ruwanmu. Amma da mun kasa kunne ga hujjojinsu za mu tarar duk a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato yadda dabbar za ta mutu.

Ga yadda lissafin yake. Cikin kwanson harsashi ba shi da yalwa, don haka ba a samun girman ƙwaya da yawanta a tare. A bindigar da suke kira mai lamba 12, kwanso na yau da kullum yana cin ƙwaya 9 ta irin da ake kira 00, kowace ɗaya kaurinta ya ɗan haura milimita 8. Wannan kwanson dai yana cin ƙwaya 27 idan aka zaɓi lamba 4 cikin manyan ƙwayoyi, masu kaurin wajen milimita 6. Idan aka yi ta sauka har zuwa na harbin tsuntsu, ƙwayoyin sai su kai ɗaruruwa. Babbar ƙwaya tana ratsa gashi da fata da ƙashi, amma tara ce tak, kuma kafin su yi tafiyar mita 40 sun warwatse. Koyoti siriri ne, yana iya sulalewa ta tsakaninsu, ko ɗaya ta same shi a cinya ya tsere da ita. Ƙananan kuwa ba su cika kuskure ba, sai dai ƙarfinsu kan ƙare a cikin gashin hunturu mai kauri da tsoka, ba su isa huhu ko zuciya ba. Dabbar ta shige daji da su a jiki, ta yi kwana da kwanaki kafin rai ya fita. Shi ya sa mafarauta da yawa suka tsaya a tsakiya, wajen lamba 4 ɗin nan ko ƙasa da ita kaɗan.

Masu kula a cikinsu ba sa tsayawa ga abin da aka rubuta a jikin kwali. Sukan kafa faffaɗar takarda a nisan yadi 40, su harba, su zana da'ira mai faɗin inci 30, sannan su zauna ƙirgar ramuka, domin bindiga biyu iri ɗaya kan watsa harsashi iri ɗaya ta hanya daban. Daga nan mutum yake sanin iyakarsa: zuwa nan zan iya, gaba da nan ba zan iya ba.

Mutumin da ya kashe yinin Asabar yana ƙirga ramuka a takarda ya riga ya amsa wata tambaya da ba a yi masa ba. Ya yarda cewa wahalar koyoti abin sakawa a lissafi ce. Wani zai ce ba tausayi ba ne, kawai dai ba ya son abin da ya harba ya ɓace masa, ko yana son fatar. Gaskiya ne ga wasu. Amma mu lura cewa a jihohi da dama doka ba ta ba koyoti wata kariya ba. Ana harbinsa duk shekara, ba a ƙayyade adadi ba. Duk da haka a tsakaninsu abin kunya ne mutum ya jikkata dabba ya bar ta ta tafi. Wannan kunyar ba daga kotu ta zo ba. Kuma ba baƙuwarmu ba ce. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci a kyautata kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Mai zaɓen ƙwaya 27 maimakon 300 wuƙarsa yake wasawa, ko da bai taɓa jin hadisin ba.

To amma wanda ya yarda da wannan, maganar ba za ta ƙare masa a bakin kanti ba. Ba a cin naman koyoti, saboda haka sau da yawa gawar a daji take zama, da ƙwayoyin dalma a cikinta. Mikiya ta sauko ta ci, ungulu ta ci. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara ɗaruruwa a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan ƙarfe. Tun 1991 Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma a duk faɗin ƙasar. Wata ƙatuwar ungulu da ake kira kondo ta ragu har saura 27 a duniya a 1987, aka kame su duka don a raya su, kuma har yau dalmar da ke cikin mushe tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ta. A watan Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana kowace irin farauta da harsashin dalma.

Nan zaɓin ya ƙara tsauri. Ƙarfe ba ya sa wa ungulu guba, amma bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙarfinsa yana saurin karyewa a hanya, abin da ke nufin ƙarin dabbobi masu rauni idan an harba daga nesa. Akwai tangistin, wanda ya fi dalma nauyi, sai dai kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Wato dalma tana sauƙaƙa wa koyoti ta cuci mikiya, ƙarfe yana kare mikiya ya jefa koyoti cikin haɗarin doguwar wahala, tangistin kuma aljihu yake ci. Wanda ba shi da kuɗin tangistin hanya ɗaya ta rage masa: ya jira dabbar ta matso sosai, idan ta ƙi ya sauke bindiga. Dare da yawa zai koma gida hannu rabbana.

Duk wannan a kan "yaya" ne. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda "yaya" take danne "don me". Dalilin a fili yake: ta farko ana iya auna ta. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan hali, domin abin da ke da lamba shi yake cinye taro, wanda ba shi da lamba a ɗaga shi zuwa wani mako. Ramuka a takarda suna ƙirguwa. Dacewar fita farautar tun farko ba ta ƙirguwa, sai mutum ya huta da ita ta hanyar ƙwarewa a ɗayar. Alhali koyarwar da ta ce a wasa wuƙa ita ce kuma ta hana a mayar da abu mai rai abin gwajin saiti.

Tarihin koyoti kuwa bai goyi bayan kisa don rage yawa ba. A 1931 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon yaƙar namun dajin da ke ɓarna, aka shafe shekaru ana tarko da harbi da watsa guba, har shugaba Richard Nixon ya hana amfani da gubar a filayen gwamnatin tarayya a 1972. Har yanzu wani sashe na ma'aikatar noma ta ƙasar yana kashe dubun dubatar koyoti kowace shekara. A 2012 jihar Yuta ta sa ladar dala 50 a kan kowane ɗaya. Me aka samu? Dabbar da asalinta filayen tsakiya da yammacin nahiyar ne yanzu tana kowace jiha ban da Hawai, tana yawo a unguwannin Shikago, ta gangara kudu har Panama. An share mata hanya da aka ƙarar da kyarkeci, babban abokin gabarta, aka kuma sare dazuzzuka. Sannan idan aka rage su abinci yakan wadaci waɗanda suka saura, matan su haifi 'ya'ya da yawa, da yawa kuma su rayu. Da aka mayar da kyarkeci gandun dajin Yellowstone a 1995, yawan koyoti ya faɗi a wuraren da kyarkecin ya zauna, ba tare da an harba ko ƙwaya ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin babu mai hujja. Makiyayin da ya fito da asuba ya tarar an farke masa 'yan tumaki asararsa ta gaske ce, kuma duk wanda ya taɓa tayin rago ana gobe Layya ya san ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da aka yi a Kalifoniya ya nuna cewa galibi ma'auratan da ke riƙe da yanki su ne ke faɗa wa tumaki, ba kowane koyoti ba. Makiyayin da ya bi waɗannan biyun yana da amsa idan aka tambaye shi don me. Ba haka gasar da ake shiryawa a wasu garuruwa take ba, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa a kwana biyu. Kalifoniya ta hana irin wannan kyauta a 2014, Arizona ta hana gasar a 2019, kuma a ganinmu sun yi daidai. Ɗan gasa yana iya fin makiyayi iya zaɓen harsashi, ya fi shi sanin nisan bindigarsa, dabbobinsa su faɗi nan take babu shure-shure. Wannan ya rage wa kowace ɗaya wahala, kuma ba za mu raina hakan ba, amma bai samar masa da dalili ba.

Shi kansa makiyayin akwai abin da za mu tambaye shi kafin mu zo kan kwanso. Makiyaya da yawa a can suna sa manyan karnukan gadi su tashi tare da garke tun suna 'yan kwikwiyo. Wasu suna kwana da tumaki a cikin shinge lokacin haihuwa. A Teksas akwai masu ajiye jaki guda a tsakiyar tumaki, saboda jaki ba ya ƙaunar ganin dangin kare. Da ya hango koyoti sai ya yi kansa da kuka da cizo da harbi. Wanda ya gwada waɗannan kuma har yanzu ana ɗauke masa 'yan tumaki, shi ne muke ganin ya cancanci ya tsaya a gaban kanti yana auna tara da ashirin da bakwai, sannan ya nemi wadda ba dalma ba, ya kafa takardarsa a yadi 40.